Mabuɗin iyaka da alƙalamin shugaban ƙasa

A duk shekara idan bikin ƙungiya ya zagayo, bayan an karanta lissafin asusu an yi ta'aziyyar waɗanda muka rasa, hirar dattawanmu takan koma wuri ɗaya, wato shekarun da aka rufe iyaka. Da su ake ƙidayar zamani a cikinmu. Wani zai ce ya sayi motarsa ta farko bayan rufewar Buhari ta fari, wani ya ce a ta biyu jarinsa ya karye, matasanmu kuwa ta 2023 suka sani. A bana mun ga ya kamata mu jera waɗannan shekaru a takarda, mu duba wa ya ba da umarni a kowace, da wace doka ya dogara, kuma wa ke da ikon ce masa ya isa haka. Mu da ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Katsina, Ƙonni da Illela, Damagaram da Kano, Difa da Maiduguri, mun san ikon shugaban ƙasa a kan tsaro ta wajen buhun wake da ƙwari ke ci a mangaza, da albasar da ke ruɓewa a bayan tirela.

Mu fara da watan Janairu na 1983. A lokacin farar hula ke mulkin Najeriya, Alhaji Shehu Shagari ne shugaba. Gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar ƙasar. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Ghana, amma 'yan Nijar da yawa na ciki. Farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, sannan ba a manta da rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980 ba, wanda aka riƙa ɗora wa baƙi saboda jagoransa daga Kamaru ya fito. Ko shekara huɗu ba a cika ba da ƙasashen CEDEAO, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, suka sa hannu a 1979 kan cewa ɗan wata ƙasa na iya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Sanarwa ɗaya ta isa ta nuna mana nauyin wannan takarda.

Soja suka kawar da Shagari a ranar ƙarshe ta 1983. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta kuma canja launin takardun naira, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan na canji. Manufar ita ce duk nairar da ke waje ta mutu a hannun masu ita, kuma ta mutu ɗin. Dattawanmu da ke ajiye ribarsu da naira a Maraɗi da Damagaram sun wayi gari da jakunkunan takarda. Sai ga damina ta ƙi a wannan shekarar. Gero da masarar da suka saba hawowa daga kudu idan an yi fari suka tsaya a bayan shinge. Shi ya sa a ƙauyukanmu aka laƙaba wa yunwar 1984 da 1985 sunan El-Buhari, kuma har yau tsofaffi da shi suke kiranta.

Akwai wani abu da gwamnatin nan ta bari wanda ya fi rufe iyakar daɗewa. Ita ce dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da damar tsare mutum ba shari'a idan an ce yana barazana ga tsaron ƙasa, ta kuma hana kotu tsoma baki. Janar Babangida ya hamɓarar da Buhari a Agusta 1985 yana sukar tsananin mulkinsa, ya buɗe iyaka a Maris 1986, amma dokar bai soke ta ba. Ya yi amfani da ita, Abacha ya gaje ta ya yi amfani da ita fiye da kowa, ba a binne ta ba sai a 1999 ana daf da miƙa mulki ga farar hula. Shekara goma sha biyar ke nan. Wannan hali za mu yi ta cin karo da shi a gaba: wanda ya hau mulki yana zagin sandar magabacinsa, idan ya zauna sai ya jingine ta kusa da kujera.

A ɓangarenmu na Nijar, zamanin Seyni Kunce babu majalisa babu kundin tsarin mulki, don haka ba a ma tambayar da wace doka aka yi abu. Tambayar ta fara samun ma'ana bayan dawowar siyasa. A Agusta 2007, da tawayen MNJ ya yi ƙarfi a arewa, shugaba Tanja Mamadu ya sa jihar Agadas ƙarƙashin dokar zama cikin shiri, wadda ta ƙara wa soja ikon kame da bincike. Wata uku aka ce, aka yi ta sabuntawa har zuwa 2009. Waɗanda ke kai kaya Agadas da Arlit a cikinmu sun tuna jiran ayari da rakiyar soja, da fargabar nakiya a hanya. A 2009 ɗin ne kuma Tanja ya rusa majalisar dokoki, ya ɗauki ikon musamman da kundin tsarin mulki ya tanada don lokacin da ƙasa ke cikin haɗari, ya rusa kotun tsarin mulki, duk domin tazarce. Haɗarin da ya gani wa'adinsa ne da ke ƙarewa. Soja suka sauke shi a Fabrairu 2010.

Kafin mu ci gaba sai mun ɗan leƙa waje, domin dokokin yaƙi da ta'addanci da ke kanmu yau ba a Yamai ko Abuja aka fara saƙa su ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, ya wajabta wa kowace ƙasa ta mayar da tallafa wa ta'addanci da kuɗi babban laifi, ta kuma riƙe dukiyar waɗanda ake zargi. Najeriya ta yi ta jan ƙafa, har sai da wani matashi ɗan ƙasar ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa Amurka a Disamba 2009, ga kuma Boko Haram ta dawo da ƙarfi. Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana ta'addanci a Yuni 2011, aka tsananta ta a 2013, Buhari ya maye gurbinta da wadda ta fi faɗi a 2022. A Nijar gwamnatin riƙon ƙwarya ta soja ta Salu Jibo ce ta fitar da dokokin a Janairu 2011, bayan sace ma'aikata a Arlit da sace Faransawa biyu a tsakiyar Yamai, ta kafa sashen shari'a na musamman a babban birni. Isufu Mahamadu ya tarar da su a shirye. Kamaru ta yi tata a Disamba 2014, Cadi a Yuli 2015.

Me ya shafe mu a ciki? Kalmar tallafi. Kasuwancinmu a kan tsabar kuɗi da amana yake tafiya. A ba ɗan canji sefa a Maraɗi, a buga waya, a karɓi naira a Kano, ba takarda. A sayar wa baƙo buhu goma na shinkafa a kasuwar ƙauye ba a tambaye shi ina za shi ba. A idon waɗannan dokoki, kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya zama abin tuhuma, kuma wanda aka kama a gabas can Yamai ake kai shi, nisan kilomita fiye da 1,300 daga Difa, ya jira alƙali.

Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci sau biyu. Na farko ranar 31 ga Disamba 2011 a ƙananan hukumomi 15, tare da rufe iyakokin da ke maƙwabtaka da su. Na biyu a Mayu 2013 a Borno da Yobe da Adamawa gaba ɗaya, har aka katse layukan waya na watanni. 'Yan'uwanmu masu harkar Maiduguri da Damasak da Gaidam sun sha wuya, ba mai musu. Amma a lura da wani abu. Sashe na 305 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce sai majalisun tarayya biyu sun amince da kashi biyu cikin uku, kuma wata shida ne wa'adi, in ana son ƙari sai an dawo. An ƙara sau biyu. A Nuwamba 2014 Jonathan ya nemi na uku, majalisar wakilai ta ƙi, a ranar da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa a harabarta. Dokar ta mutu. Yaƙi bai tsaya ba don haka, hasali ma a farkon 2015 ne, ba tare da ita ba, sojojin Najeriya da na Cadi da na Nijar suka ƙwato garuruwa da yawa. A duk tarihin da muke bi, nan ne muka ga wakilan jama'a sun ce wa shugaba a'a kuma maganar ta zauna.

Sai Difa, inda ya kamata mu daɗe. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da garin Difa. Bayan kwana huɗu gwamnatin Isufu ta kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 15, bisa wata doka da aka rubuta tun 1998 zamanin Ba'are Mainasara. Majalisa ta ƙara wata uku. Daga nan abin ya zama al'ada: wata uku ya cika, majalisar ministoci ta nema, 'yan majalisa su amince. Isufu ya gama wa'adinsa biyu a 2021 dokar na nan, Bazum Mohamed ya gaje ta, soja suka gaje ta daga gare shi. A Maris 2017 aka shimfiɗa irinta a wasu sassan Tilaberi da Tawa.

Ƙarƙashinta aka hana hawa babur, dubban 'yan kabu-kabu suka zauna ba aiki. Aka rufe kasuwanni da dama, aka taƙaita sayar da man fetur da takin yuriya saboda ana iya haɗa abin fashewa da shi. Mafi ciwo, aka hana cinikin tattasai da kifi banda. Wanda bai san Difa ba ba zai gane girman wannan ba. Jan tattasai na bakin Komadugu Yobe da bandar kifin Tafkin Cadi su ne ƙashin bayan yankin, yawancinsu Najeriya ake kai su, da naira ake biya. Manomi, masunci, mai banda, mai ɗinkin buhu, ɗan dako, direba, dillali, duk a kansu suke ci. Hujjar gwamnati ita ce 'yan ta'adda na karɓar haraji a kan waɗannan kaya, kuma gaskiya ne suna karɓa, duk wanda ya bi hanyar ya sani. Amma don a hana su kasonsu sai aka hana kowa komai. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilu 2015 kuma aka umarci mazauna tsibiran tafkin su fice cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka tako a ƙasa cikin zafin bazara zuwa Gigimi da Boso. Ɗan fafutuka Musa Cangari da ya soki yadda aka yi, tsare shi aka yi na kwanaki.

An sassauta wa tattasai a 2017, kifi sai 2019. Zuwa lokacin gonaki da yawa na bakin kogi sun zama kufai, masu su na zaune a bukkoki gefen babbar hanyar kwalta, masu sayen kuma sun nemi wasu kasuwanni. Ba mu ce barazanar ƙarya ce ba. Mun binne abokan sana'a da aka tare a hanya, mun haɗa kuɗin fansar wasu. Abin da muke cewa shi ne, saurayin da aka ƙwace wa babur aka hana shi kamun kifi, aka bar shi da hannu biyu a sansani, ba a rage wa masu neman mayaƙa wahala ba. A nan akwai wa'adi, akwai ƙuri'ar majalisa, amma ƙuri'ar da ba a taɓa jin ta ce a'a ba hatimi ce kawai.

Rufewar 2019 ta fi wannan ban mamaki ta fuskar doka. A ranar 7 ga Yuli 2019, a nan Yamai, Buhari, wanda yanzu zaɓaɓɓen shugaba ne, ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci ba shinge ta Afirka. Ba a yi mako bakwai ba, a 20 ga Agusta, aka wayi gari iyaka a rufe. Ba a ayyana dokar ta-ɓaci ba, ba a je majalisa ba. Atisayen tsaron iyaka aka kira shi, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke jagoranta, kwastan da shige da fice da soja da 'yan sanda na ciki. Dalilan da aka bayar su ne fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da man fetur. A Oktoba aka ce ko kayan da ke da cikakkun takardu ba za su wuce ba. A Nuwamba aka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari suka koma sayen mai da tsada a ƙasar da ke haƙo shi. An ce za a buɗe ƙarshen Janairu 2020, ranar ta zo ta wuce.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda jaridarmu ce. Wani ɓangare na arzikin Maraɗi a kan kayan Kwatano ya ginu, shinkafa da atamfa da motoci da ake saukewa a can, a bi da su ta Gaya, a tsallaka da su Najeriya ta inda ba a so. Najeriya na da haƙƙin kare manomanta. Sai dai kwaɗon bai bambanta mai shinkafar Tailan da mai wake, da mai aya, da mai raguna, da mai albasar Galmi ba. Kuma shinkafar ba ta daina shiga ba. Ta bar kwalta ta koma ɓarauniyar hanya, a kan babura da jakuna cikin dare, kuɗin goro a shingaye ya ninka, aka harbi yara 'yan dako a daji. Mai ƙaramin jari mai bin ƙa'ida ya zauna a gida, mai ƙarfin sayen hanya ya ci kasuwa shi kaɗai. Sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Illela da Maigatari a cikinsu. Jibiya da Kamba sai Afrilu 2022. Wata goma sha shida ga wasu, fiye da shekara biyu da rabi ga mutanen hanyar Ɗan Isa, kuma ba a nemi amincewar wata majalisa ba ko sau ɗaya. Dokar ta-ɓacin Jonathan, da duk muninta, tana da ranar ƙarewa. Wannan da ba a ba ta sunan ta-ɓaci ba, sai ranar da mai ita ya ga dama.

Gwamnoni ma sun koyi darasin. A Satumba 2021 Zamfara da Katsina da Sakkwato suka rufe kasuwannin mako a wurare da dama, suka hana safarar dabbobi da sayar da mai a jarka, aka katse waya, don a matse 'yan bindigar daji. Matakan Difa ne aka maimaita kusan ɗaya bayan ɗaya.

Ta 2023 kowa ya gani da idonsa. Sojojin fadar shugaban ƙasa sun tsare Bazum ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO, Bola Tinubu na jagoranta, suka sa takunkumi: a rufe iyaka, a tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da mafi yawan Nijar ke sha. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan tura soja, musamman sanatocin arewa, kuma wannan ya yi tasiri. Amma rufe iyakar ba a nemi izininta ba. Manyan motoci ɗauke da abinci da magani suka yi layi a Malanbil. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris, Nijar ta biyo baya cikin watan.

Daga nan mabuɗin ya dawo hannunmu, kuma ba za mu ɓoye ba, an yi amfani da shi. Gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta bar gadar Gaya a rufe bisa hujjar tsaro, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. A Agusta 2024 aka fitar da dokar da ta kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wanda shiga cikinsa kan jawo riƙe dukiya, hana tafiya, har da janye takardar zama ɗan ƙasa. A Oktoba 2024 aka hana fitar da hatsi, wake na ciki, sai zuwa Mali da Burkina. Da yawa daga cikinmu sun goyi bayan tsayuwar ƙasa a lokacin takunkumi, har yanzu ma suna goya. Wannan bai hana mu lura cewa, tunda babu majalisa zaɓaɓɓiya, waɗannan matakai ma ba su da wanda zai duba su bayan wata uku ko shida. Kuma in tarihin dokar soja mai lamba 2 ya koya mana wani abu, wanda zai gaji kujerar zai tarar da su a aljihun tebur.

Abin da ke gabanmu a matsayin ƙungiya bai wuce ƙarfinmu ba. Ba mu da ta cewa a kan yaƙi, amma duk lokacin da muka zauna da gwamna ko shugabannin duwan ko 'yan majalisar ɗinkin kasuwanci, a Maraɗi ne ko a Katsina, muna iya neman abubuwan da ba su rage wa tsaro komai: a rubuta umarni a takarda da ranar ƙarewarsa, a ba da 'yan kwanaki kafin ya fara aiki, a bar kayan da suka riga suka hau hanya su isa, musamman masu lalacewa da dabbobi. 

Matsalarmu kullum ita ce idan aka ce mu kawo shaidar asara sai mu kawo labari. Don haka muna roƙon kowane memba, musamman dattawa da magadan waɗanda suka rasu, ya duba tsofaffin littattafan ciniki da takardun duwan da rasiɗai, ya kawo wa sakataren reshensa abin da ya samu: ranar da motarsa ta tsaya, a wace ƙofa, buhu nawa, kwana nawa, da nawa aka sayar daga baya. Wanda ba shi da takarda ya zo da bakinsa, za a rubuta. Reshen Difa muke so ya fara, da shekarun tattasai da kifi.